Fartanya Duk Fartanya Ce? Raddi Kan Wata Magana Da Ta Zauna A Bakinmu

Akwai wata magana da na sha ji a majalisun manoma, tun daga Bebeji har Doguwa, kuma mutanen kirki ne ke faɗinta, waɗanda tafin hannunsu ya yi kanta. Cewa suke yi fartanya duk fartanya ce. Wanda ya iya noma, ko wace iri ka miƙa masa zai kai ƙarshen kunya; wanda bai iya ba, ko ta zinare ka ƙera masa sai ciyawa ta cinye gonar. A wurinsu, mutumin da ya tsaya yana cewa ƙota ta yi masa gajarta, ko ruwan garma ya yi masa nauyi, hanyar gudu yake nema.

Ranar da na fi jin maganar da ƙarfi, a wani ƙauye ne na ƙasar Kiru, bayan la'asar. Wani ɗan'uwanmu da ke aiki a birni ya kawo labarin masu wasan ƙwallon lambu, wanda aka fi sani da golf. Ya ce a cikinsu akwai waɗanda ba sa sayen sandar bugu sai an auna tsayinsu, an auna daga wuyan hannunsu zuwa ƙasa, an sa na'ura ta duba saurin lilon hannunsu, sannan a haɗa musu sanda daidai da jikinsu. Majalisa ta kwashe da dariya. Wani dattijo ya ce, "Kuɗi ne ya yi musu yawa. Mu da muke ciyar da su, wa ya taɓa auna mu kafin ya sayar mana da fartanya?" Kowa ya gyaɗa kai. Ni ma na yi dariyar, amma tambayar ta bi ni har gida, domin amsarta ba ita ce wadda dattijon yake zato ba. An sha auna mu. Mu ne muka fara mantawa.

Kafin in shiga raddi, wajibi ne in ba maganar haƙƙinta, don ba a banza ta zauna ba. Gaskiya ne cewa gwaninta ta fi kayan aiki. Ƙwararren manomi da tsohuwar fartanya zai bar sabon shiga a baya ko da sabuwar ƙira a hannunsa. Gaskiya ne kuma akwai ragwayen da kullum laifin na ƙota ne, ko na rana, ko na ƙasa. Sannan talaka yana da dalilin yin taka-tsantsan da duk wanda ya zo yana gaya masa abin da ke hannunsa bai isa ba, don galibi mai faɗin haka akwai abin da yake son sayarwa. Duk waɗannan na yarda da su. Inda na rabu da masu maganar shi ne tsallen da suke yi daga "gwaninta ta fi kayan aiki" zuwa "kayan aiki ba su da tasiri". Na farkon gaskiya ne, na biyun kuskure ne.

Bari mu fara da abin da aka yi wa dariya, mu ga ko wauta ce. Dokar wasan ta yarda ɗan wasa ya ɗauki sanduna har 14 a jakarsa, kowace da aikinta: ta bugun nesa, ta matsakaicin zango, ta fid da ƙwallo daga yashi, ta gangara ta cikin rami. Abin da mai awo yake dubawa bai wuce abu huɗu ko biyar ba. Akwai tsayin sandar. Akwai nauyinta da kuma taurin jikinta, wato yadda take lanƙwasa in an lila ta; mai saurin hannu yana buƙatar mai tauri, mai sanyin hannu mai laushi. Akwai kaurin mariƙi. Sai kuma wanda ya fi jan hankalina, yadda kan sandar ke kwantawa a ƙasa a daidai lokacin da ya sami ƙwallo. In sandar ta miƙe wa mutum fiye da kima, bakin kanta yakan ɗaga sama, dugadugin ya riga taɓa ƙasa, sai ƙwallon mai bugu da dama ta karkata hagu, ko da kuwa ya saita daidai. In ta kwanta fiye da kima, sai ta tafi dama. Don gane wannan, sukan manna wata 'yar takarda a ƙasan kan sandar, mutum ya yi bugu a kan wani allo, sannan a juyo a ga inda takardar ta goge: tsakiya, ko gefe. Wani injiniya ɗan asalin Norway, Karsten Solheim, wanda ya kafa kamfanin Ping a Amurka, shi ya yayata wannan tun 1972, da ya fara sa ɗigon launi a jikin sanduna, kowane launi da irin jikin da ya dace da shi.

Wanda ya taɓa zama a maƙera ya san wannan takardar da wannan allon ba baƙin abu ba ne. Ina yaro, baffana ya aike ni wurin wani tsohon maƙeri a ƙasar Tudun Wada in sayo masa fartanya, ya haɗa ni da tsohuwar da yake son canzawa. Na tarar da tsohon a zaune gaban uwar maƙera, wani yaro yana masa zuga, gawayin ƙirya ya yi jawur. Na gaishe shi, na faɗi aikena, na nuna wata da ke jingine na ce ita nake so. Ko kallonta bai yi ba.

"Yaro, wa zai riƙe ta?"

"Baffana ne, Baba."

"Dogo ko gajere? Ina gonar take, tudu ko fadama?"

Na faɗa masa. Sai ya karɓi tsohuwar fartanyar, ya juya ta, ya shafa bakin da babban yatsa. Gefe ɗaya ya cinye har ya yi siriri, ɗayan kuwa da sauransa. Ya duba ƙotar, inda gumin hannu ya yi mata baƙi ya yi santsi. Alamar tana can ƙarshen ƙarshe, har ta nuna ɗan yatsan baffa a waje yake rataye. Ya ce, "Wannan ta yi wa mai ita gajarta, kuma bakinta ya rufe. Shi ya sa yake karkatar da ita, yana ci da gefe ɗaya. Ka ce masa ya zo da kansa ran kasuwa." Na koma gida hannu biyu, ina jin haushin tsohon da ya ƙi karɓar kuɗi. Sai da na girma na gane abin da ya yi: ya karanta jikin baffana a jikin ƙarfe, ba tare da ya gan shi ba. Abin da na'ura ke yi wa mai ƙwallon lambu ke nan, bambancin kawai ita tana fitar da lamba, shi kuwa yatsansa ne ma'auninsa.

Saboda haka hujjar cewa kakanninmu ba su san awo ba, ba ta tsaya da ƙafarta ba. Sun auna da kamu da dani, sun auna da ido. Wane gida ne ba a ƙera wa yaro 'yar fartanyarsa ba, ranar da aka ga ya isa bin manya gona? Me ya sa ba a miƙa masa ta ubansa ba, in duk ɗaya ne? Sunayen kayan ma kaɗai sun isa shaida. Muna da garma ta huɗa, da fartanya ta noma, da sungumi mai doguwar ƙota na saran shuka, da masassabi, da magirbi, da lauje, da dagi. Al'ummar da ta yi imani kowane ƙarfe yana yin kowane aiki ba za ta wahalar da kanta da wannan rabe-raben ba. Jakar sanduna 14 da ake wa dariya, muna da irinta a jingine a bayan rumbu.

Hujja ta biyu ita ce ta matsakaici. Sukan ce, ai maƙera sun san tsayin da ya dace da yawancin mutane, shi suke ƙerawa su kai kasuwa, kuma yana yi wa kowa. Wannan tunanin ya taɓa jawo matsala a wani wuri da ke nesa da gona. Sojojin saman Amurka sun daɗe suna ƙera mazaunin matuƙin jirgi bisa awon matsakaicin mutum. A 1950 aka auna matuƙa 4,063, sai wani matashin jami'i mai suna Gilbert Daniels ya ɗauki awo goma, irin su tsayi da faɗin ƙirji da tsawon hannu, ya duba mutum nawa ne suka faɗa tsaka-tsaki a dukkan goman. Ko ɗaya bai samu ba. Mai dogon hannu sai ka tarar ƙafarsa gajera ce, mai matsakaicin tsayi sai ƙirjinsa ya fi na kowa. Kujerar da aka yi don kowa, ashe ba ta dace da kowa ba. Daga nan aka koma yin kujerar da ake matsawa gaba da baya, irin wadda kowane direban motar haya a tashar Kwanar Dangora yake gyarawa kafin ya tada mota, kuma ba wanda ya taɓa ce masa rago saboda haka. Ka tsaya a bakin masallacin Juma'a ka dubi mutane suna fitowa. Ga dogon Bafillace siriri, ga gajere kakkaura, ga mai dogon baya da gajerun hannaye. Tela ba ya ɗinka musu riga ɗaya, mai hula yana tambayar lambar kai, mai takalmi yana sa a gwada. Riga ana sa ta a zauna. Fartanya kuwa ana ɗaga ta a sauke sau dubbai tsakanin hantsi da azahar. In akwai abin da ya cancanci gwaji, ita ce.

Ba jiki ne kaɗai ke bambanta ba, har ƙasa. Manomin yankinmu ya san gonarsa ba irin ta Dambatta ko Kunchi ba ce. Ruwan sama ya fi yawa a nan kudu, ciyawa ta fi ƙarfi, ƙasa ta fi nauyi, kuma kana matsawa wajen dajin Falgore da duwatsun Riruwai kana ƙara haɗuwa da tsakuwa da marmara. A can arewa, wajen Daura da Maraɗi, inda jigawa ce mai laushi, akwai hauyar da ake noma da ita a tsaye, doguwar ƙota da baki mai fiffike, ana tura ta gaba tana yanke saiwar ciyawa a ƙarƙashin yashi. Kawo ta jar ƙasar Doguwa bayan an yi ruwa kwana uku a jere, ka ga yadda za ta ƙi shiga. Haka nan garmar da ke juya ƙasa mai nauyi a nan, a can wahalar banza ce. A cikin gona ɗaya ma, bakin da ya yi daidai a kan tudu sai ya riƙa ɗaukar laka a fadama har ya ninka nauyinsa. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, noman rani ya bunƙasa a ƙasar Kano, aka sami aikin da ke son ƙaramin baki mai shiga tsakanin albasa ko tumatir ba tare da ya sare su ba. Wanda ya ce duk ɗaya ne, ya gwada shiga fangalin albasa da fartanyar noman masara.

Hujja ta uku ta fi sauran ƙarfi, don haka zan daɗe a kanta. Sukan ce jiki yana sabawa: ka ba mutum kowace irin ƙota, bayan sati guda hannunsa ya san ta. Wannan gaskiya ne, kuma a nan matsalar take. Jiki yana sabawa, amma da me yake biya? Masu koyar da ƙwallon lambu sun san cewa wanda ya koyi wasa da sandar da ba tasa ba yakan ƙirƙiro wata karkatacciyar tsayuwa don ya rufe aibin sandar, har ta zame masa ɗabi'a, ya riƙa zaton haka Allah ya yi shi. A gona ma haka ne. In ƙota ta yi gajarta, baya ne ke cike gibin. In bakin ya rufe da yawa, fartanya sai ta riƙa shafar ƙasa ba ta kamawa, mutum ya karya wuyan hannu don ya buɗe ta. In ya buɗe da yawa, sai ta nitse, kowane sara ya zama sai an fizgo. In mariƙin ya yi siriri, dole a matse shi da ƙarfi don kada ya juya, ga bororo a tafi, ga tsamin dantse da dare. In ya yi kauri, yatsu ba sa haɗuwa, riƙon ba ya zama. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙaramin abu ne a sara guda. Amma a lissafa shi daga noman farko zuwa maimai, damina bayan damina, shekara talatin. Sa'an nan mu dubi dattawanmu da ba sa iya miƙewa sai sun dafa gwiwa, mu ce tsufa ne kawai. Tsufa yana da nasa kason, ban musa ba. Ban dai yarda duka nasa ba ne.

A jihar Kalifoniya ta Amurka, wannan batu har kotu ya kai. Leburorin gona, galibinsu 'yan asalin Meziko, sun yi ƙara kan wata gajeruwar fartanya da ake tilasta musu aiki da ita a duƙe wuni guda, likitoci suka ba da shaida kan yadda take lalata ƙashin baya, kuma a 1975 aka hana amfani da ita a gonakin jihar. Ban kawo wannan don in ce a jefar da tamu ba. Gonarmu ta kunya ce, kuma sau da yawa ga dawa ga wake ga gyaɗa a wuri ɗaya, aikin yana son ido kusa da ƙasa. Gajerar ƙota tana da dalilinta. Na kawo shi ne don a ga cewa tsayin ƙota ba ƙorafin rago ba ne, abu ne da ke taɓa lafiya. Tsakanin gajere da ya dace da aiki da gajere da ya gaza wa mai shi akwai faɗin yatsu uku ko huɗu, kuma a cikin waɗannan yatsun ciwon yake.

Akwai kuma zaton cewa babbar garma ita ce ta jarumi, wanda ya zaɓi ƙarama ya ji tsoro. A wurin gayya wannan yakan sa samari su ɗauki abin da ya fi ƙarfinsu don kada a yi musu dariya. Wajen shekarar 1900, wani Ba'amurke mai suna Frederick Taylor ya yi gwaji kan masu kwasar kaya da shebur a kamfanin ƙarfe na Bethlehem. Ya gano cewa ba mai babban shebur ne ke kwashe kaya mafi yawa a wuni ba. Abin ya fi yawa in kowace ɗiba ta tsaya wajen kilo tara da rabi. Sai aka tanadi shebur iri-iri, ƙarami don tama mai nauyi, babba don gawayi maras nauyi. Ba tausayin leburori ne ya sa shi ba, ribar masu kamfani yake nema, kuma ma'aikata da yawa ba su ƙaunace shi ba. Amma abin da ya gano ya tabbata a kowace gayya: saurayin da ya fara da babbar garma yana gaba da hantsi, shi ne za ka tarar a gindin ɗorawa kafin azahar, mai madaidaiciya kuwa yana nan yana juya ƙasa.

Bahagwai ma kada a manta da su. Laujen da aka wasa don hannun dama, in bahago ya riƙe shi, bakin yana zamewa daga kan karan shinkafa maimakon ya kama. A lokacin yankan shinkafa a ƙasar Tudun Wada, inda aikin na sauri ne kuma yatsu suna kusa da ƙarfe, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Maƙeri yana iya juya washin cikin ɗan lokaci, in an gaya masa.

Saura batun kuɗi, wanda shi ne ainihin abin da dattijon Kiru yake nufi. A ƙwallon lambu, gaskiya ne awo yana da tsada, kuma wurin da ake awon galibi shi ne wurin da ake sayar da sandar, don haka mai hankali yana sauraro da kunne ɗaya a buɗe. Masu wasan da kansu sun san sabuwar sanda ba ta gyara hannun da bai koyi bugu ba. Amma kuskure ne a ɗauko tsadar can a ɗora wa maƙerar nan. Me ake buƙata? A ƙara wa ƙota yatsu uku, ko a rage. A sa gizago a sassaƙe mariƙi har yatsu su zagaye shi. A mayar da ruwan fartanyar wuta a ɗan buɗe bakin ko a rufe. A zaɓi icen da ya bushe, marke ko kanya ko aduwa, maimakon ɗanye da zai saki ƙarfen bayan sati biyu. Babu ɗaya a cikin waɗannan da ya kai kuɗin maganin ciwon baya na wata guda, balle ranar aikin da aka rasa a tsakiyar damina, lokacin da ciyawa ba ta jiran kowa. Mai kuɗi in sandarsa ba ta dace ba, wasan yamma ɗaya ya ɓaci. Manomi in fartanyarsa ba ta dace ba, abincin shekara ne a kan layi, da ƙashin bayan da ba shi da na canji. Shi ya fi mai kuɗin buƙatar awo.

Abin da ya canza a zamaninmu shi ne nisa tsakanin mai ƙira da mai riƙo. Yanzu maƙeri yakan yanko farantin ƙarfe ko sifirin tsohuwar mota, ya buga da yawa iri ɗaya, dillali ya ɗaure su dami-dami ya kai kasuwa gab da faɗuwar damina. Ban ga laifinsa ba, da yawa yake samun na abinci, kuma mai saye ne ya daina tambaya. Sai mutum ya aiki yaro, ko ya tsaya a kan babur ya nuna da baki, a miƙo masa. Shi da kansa ba zai sayi akuya haka ba sai ya shafa ta.

Baffana ya je ran kasuwar, kamar yadda aka ce masa. Na bi shi. Tsohon ya sa shi ya duƙa kamar yana noma, a nan cikin tokar bakin maƙera, ya yi sara uku da wata fartanya da ya miƙa masa. Ya karɓa, ya ba shi wata. A ta uku ya ce, "Tsaya nan, Malam." Ya ɗauki gawayi ya yi zane a jikin wata sabuwar ƙota, can sama da inda hannun baffa ya tsaya, ya miƙa wa yaron zuga ya ce ya kai wa masassaƙi. Sannan ya cusa ruwan fartanyar cikin wuta, ya jira ya yi ja, ya ɗora a kan uwar maƙera ya buga masa masaba sau biyu kacal. Baffa ya yi damina shida da ita. Da bakin ya ƙare aka zo canzawa, na ɗauka na duba: ya cinye daidai wa daida, daga wannan gefe zuwa wancan.